Muryar Inna a Kaset

Fatakwal, Yuni 1999

Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙarfin jikin Inna? Ya Fatu da yara, da mutanen Ƙofar Kwaya baki ɗaya?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Sai dai kunnen nan. Tun gobarar tankar mai ta bara yake yi mini ƙara ba dare ba rana, kamar jiniyar motarmu ta kashe gobara ce ta maƙale a ciki. Likita ya ce aikin kwana-kwana ne ya jawo, kuma ba shi da maganin sha. Horo yake ba ni: in zauna shiru, in ɗauke hankalina daga ƙarar, in aza shi kan wani sautin da na saba ji tun ina yaro.

Na zaɓi karatun Baba a zaure. Yaya, na nema na rasa. Ina ganin rawaninsa, ina ganin buzunsa, amma muryar babu. Sau nawa ya aiko in zo gida, ina cewa sai sojoji sun sauka daga mulki hutu zai samu? Ga shi sun sauka, shi kuma ya riga su tafiya. Allah ya jiƙansa.

Roƙona ɗaya ne. Ka ari rikodar Malam Isah ka ɗaukar mini muryar Inna a kaset, ka ba direban da ke kawo shanu nan. Kada ka gaya mata, don za ta ji kunya ta tsaya a addu'a kawai. Ka bari sai tana yi wa jikokinta faɗa.

Ƙaninka,
Siddiƙu