Banɗakin Inna Da Ya Kalli Alƙibla

Zuwa ga Baba Alhaji, shugaban zauren dattawanmu na unguwar Zahir, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubansa, da fatan kai da iyali da sauran dattawa kuna lafiya. Ni ne Bashir, ɗan marigayi amininka Alhaji Mamman. Ka yafe min Hausar, a nan aka haife ni, ta sha Larabci har ta ƙoshi. Na zaɓi in rubuta a fili ne don duk lokacin da na zo zaure da wannan magana, kafin in buɗe baki an miƙo min shayi, an tambaye ni yara, sai in tashi ban faɗi komai ba. Kuma ka sani, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. Ka san Inna ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi matakala, ɗakinta kuma da banɗakinta duk a saman bene suke. Da ta zame a watan Rajab, yayata Rakiya ta taso daga Jidda ta kafa mana sharaɗi: ko a gina wa Inna ɗaki da banɗaki a ƙasa kafin azumi, ko ta ɗauke ta ta koma da ita gidanta. Inna kuwa ba abin da take gudu a duniya irin barin Makka. Shi ya sa na zo wurinka neman ɗan kwangila, wanda mu a nan muke ce wa mukawil.

Na biyu. Ba ka ɓata lokaci ba, ka aika aka kira Malam Isuhu. Ka gaya min abu uku a kansa: ba ya rasa sahun gaba, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma kakarsa da kakar Inna 'yan unguwa ɗaya ne a Katsina. Ka kama hannuna ka sa a nasa, aka shafa fatiha. Ranka ya daɗe, a ina zan samu bakin tambayar lasisi bayan fatiha? A wurinmu, in dattijo ya haɗa hannu, wanda ya ce a nuna masa takarda kamar ya ce dattijon maƙaryaci ne. Na haɗiye tambayata tare da dabinon da aka ba ni, na koma gida ina murna.

Na uku. Gaskiya ɗaya ce, Malam Isuhu ya iya jera bulo. Bangonsa a miƙe yake, fulastarsa sumul. Sai dai babu zane, babu injiniya. Da ƙafa ya auna filin, ya zana ɗakin a ƙasa da guntun rodi. Da aka zo kan banɗaki, ya ɗaga kai ya dubi inda rana ke fitowa, ya ce ba zai taɓa sa masai ya kalli gabas ko ya ba ta baya ba, haka ya koya wurin ubangidansa tun yana ɗaukar kwanon siminti. Ni da na ji an ambaci ladabin alƙibla sai hankalina ya kwanta, na ce lallai Baba ya zaɓo mana mai tsoron Allah, na tafi aikina.

Abin da bai lura da shi ba, a gida Najeriya ne alƙibla take gabas a ko'ina. A Makka kowace unguwa da tata, don Ɗakin Allah a tsakiya yake, mu muke kewaye da shi. Shi a Hindawiyya yake kwana, inda in ya yi salla kusan gabas ɗin yake kallo kamar yadda ya saba, bai taɓa jin wani abu ya canja ba. Mu nan Zahir kuwa, a yadda gidanmu ya zauna, alƙiblarmu ta fi karkata kudu. Bawan Allah ya gudu daga gabas da iyakar ƙarfinsa, ya je ya saita masan daidai Harami, saitin da ko mai na'ura sai ya yi da gaske. Hausawa suka ce sabo turken wawa, amma ni ban kira shi wawa ba, don da ni aka yi.

Ranar da aka gama tayil na riƙo Inna a hankali muka sauko, ina ta yi mata kirarin ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofar banɗakin da sandarta, ta dubi ciki, ta dubi bangon da take kallo in tana salla tun kafin a haife ni. Sai ta ce, "Na baro Katsina don in fuskanci Ɗakin Allah, amma ban ce ta nan zan fuskance shi ba." Ta juya ta kama matakala. Na kawo mata limamin masallacinmu, ya yi bayani mai daɗi cewa malamai da dama sun sassauta in dai a cikin gini ne. Ta saurare shi tsaf, ta sa masa albarka, sannan ta ce in yana so ta bar masa banɗakin kyauta.

Na huɗu, kuma nan ne dariyar ta fara ƙarewa. Na ce a fasa a juya masan. Bututun kuwa an riga an binne shi a ƙarƙashin kankare. Ana cikin fashe-fashe, ƙarar ta jawo ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari, mai zagayen duba gine-gine. Cikin mutunci ya nemi izinin gini, babu. Ya nemi rajistar ɗan kwangila, babu. Ya nemi yarjejeniya a rubuce, na kusa ce masa an shafa fatiha, Allah ya rufa min asiri na yi shiru. A nan na fara sanin cewa ikamar Malam Isuhu, wato takardar izinin zamansa, ta magini ce a ƙarƙashin wani kamfani, ba shi da hurumin karɓar kwangila da sunansa, ko da ta akurkin kaji ce. Aka dakatar da aiki, aka ci ni tara, ni mai gida. Ban ga laifin ma'aikacin ba, aikinsa ya yi.

Yanzu na san abin da ya kamata in sani tun farko. Injiniya ne zai zana, a kai zanen a samo izini, sannan a ɗauki ɗan kwangila mai rajista da lasisin gina gidaje, a rubuta abin da zai yi da lokacin da zai gama, kowa ya sa hannu. Na je wurin masu lasisin. Duk wanda ya ji ginin wani zai gada sai ya ce sai an tona an ga tushen tukuna, don ba zai ɗauki alhakin abin da bai gani ba. Ga Sha'aban ya raba, ɗakin na nan da rami a tsakiyar banɗaki, Inna kuma kullum tana hawa da sauka a kafaɗar matata.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ina neman a kori Malam Isuhu. Wallahi a'a. Bai gudu ba, bai ɓoye waya ba. Kusan kullum sai ya zo ba da haƙuri, kuma yakan zo ne daidai lokacin da aka sauke tukunya, har yarana sun fara ajiye masa cokali. Ina jin tausayinsa, yana da iyali a gida da ke jiran abin da zai aika. Haushina yana kan al'adarmu ne, wadda ta mai da tambaya rashin kunya, alhali mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Da farko, duk wanda za a haɗa da mai gida a zaure, ku dattawa ku fara tambayarsa lasisinsa a gaban kowa, kafin fatiha. In tambayar ta fito daga bakinku ba wanda zai ji an ci masa fuska, mu yara kuma mun huta da cinikin biri a sama. Sahun gaba shaida ce ta salla, Allah ya ba shi lada, amma baladiyya ba ta karɓarta.

Sannan ku taimaka wa irin su Malam Isuhu su riƙa aiki ta hannun kamfanonin da suka kawo su, a kan zanen injiniya, don hannunsu na da kyau kuma bai kamata ya jefa su cikin wahala ba. Duk sabon magini kuma, ranar farko a tsayar da shi a gidan da zai yi aiki a nuna masa inda masu gidan ke kallo in suna salla.

Roƙona na ƙarshe shi ne ya fi damuna. Ka kira Yaya Rakiya da kanka, kai take jin nauyi, ka nema min wata biyu ko uku. Ta ce ranar da aka ga watan azumi motarta na ƙofar gida, kuma ba na ganin laifinta, tsoron faɗuwa take yi wa mahaifiyarmu. Amma jiya da na ɗauko Inna daga sama, ta riƙe wuyana ta ce in yi mata alƙawari, in aka kai ta Jidda ajali ya same ta a can, in dawo da ita a sallace ta a Harami. Na yi mata alƙawarin, Baba, amma na fi son in cika wanda ya riga shi, na ɗaki a ƙasa, tun tana iya takawa ta shiga da ƙafarta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya jiƙan amininka mahaifina, ya sa zaurenka ya ci gaba da zama inuwarmu. Allah ya nuna mana Ramadan lafiya, Inna tana ɗakinta a Makka.

Wassalam.

Ɗanka,
Bashir Mamman, Zahir.