Ni ce idon marigayi, ba wanda ya sani

Anti Bilqis, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Wata biyu ke nan da rasuwar maigidana, ina takaba. Shi da ƙaninsa Abdulhafiz suna da ɗan wurin aiki a Sabon Gari, inda suke tsoma ƙarfe a tanki su sa masa wutar lantarki, ya fito da ƙyallin nikel, fari kamar azurfa. Ruwan tankin sai an riƙa gwada ƙarfinsa. Ana ɗiban kaɗan, a riƙa ɗiga masa magani ta wani siririn gilashi har ya juya daga ruwan ɗorawa zuwa shunayya. Nan ake tsayawa a duba awo. Kowa ya san marigayi da wannan gwaninta.

Abin da ba a sani ba, shekara uku ciwon suga ya taɓa masa ido. Sai ya riƙa zuwa gida da ruwan tankin a kwalba. Ni da na tsaya a aji shida, ya koya mini. Yana riƙe da gilashin, ni ina kallo, in ce masa ya juya. Ya roƙe ni kada ƙaninsa ya ji, wai kada a zaunar da shi a gida.

Yanzu da ba mai gwajin, ƙyallin yana ɓarewa daga jikin ƙarfen kamar ɓawon albasa, masu kaya suna dawo da shi. Abdulhafiz ya aiko cewa zai sayo na'ura mai yin gwajin da kanta, amma sai bayan wata uku za ta iso. Kafin nan an watse musu. In na ce na iya, na tona wa mijina asiri. In na yi shiru, abincin marayuna ne zai tafi. Gilashin yana nan bayan kwaba, ko kallonsa ba na iya yi.

Mai takaba, Kwaciri

Ƴar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Riƙon amanarki abin yabo ne. Amma duba dalilin roƙon nasa: tsoron a raba shi da aikinsa. Wannan tsoron ya ƙare. Ciwon ido kuma ba abin kunya ba ne.

Shi ma Abdulhafiz yana da gaskiya. Na'urar ba ta gajiya, idonta ba ya rauni, tana kuma rage taɓa ruwan da hannu, don guba ne. Kada ki hana. Sai dai ita ma tana buƙatar mai duba ta da gwajin hannu lokaci-lokaci.

Ki kira Abdulhafiz, wata babba tana kusa a gidan, ki gaya masa shi kaɗai. Ba sai kin fita ba, a kawo miki ruwan. Ki sa safar hannu, ki nisanta shi da kicin da yara, kwalbar kuma ta koma wurin aiki a ranar.

Mutumin da ya ba ki idonsa shekara uku ba zai so ki rufe naki ba. Allah ya raya marayu, ya sanyaya zuciyarki.

Anti Bilqis