Hoton da Aka Ɗauke Ni Ba Hula

Zuwa ga ƙanena Ɗayyabu, a Likoro.

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya damina? Shekara tara ina aiko wasiƙa daga Fatakwal, ko layi ɗaya ba ka taɓa maido min ba. Shiru na yi, ban manta ba.

Ni lafiyata ƙalau. Ƙafar ce kawai, ita ma da sauƙi.

Jiya wata mata ta ɗauke ni hoto a bakin titi da sabuwar kyamara wadda ba ta kai sabulun wanka girma ba. Ba ta yin ƙara, ba a cewa ka shirya kamar wajen mai hoton kasuwar Makarfi. Ina tura baro, ko hula babu. Na hau matar da faɗa, sai ta juyo bayan abin ta nuna min hoton. Ɗayyabu, Baba na gani, yadda ya koma a watan da ya rasu.

Ba na so a binne ni a nan. Ɗakina na jikin rumbu yana nan, ko kun zuba masara a ciki? Ka gaida matarka, Allah ya raya yara. Ko a'a ce, ka amsa min wannan karon.

Yayanka,
Tukur