Kaka Ta Ɗaure Irin Dawarta

Assalamu alaikum Yaya Habu. Ya aiki, ya iyali? Da fatan yara lafiya. Mu ma kalau.

Yaya, na yi abin kunya. Ka san wasana da Kaka. Ranar Juma'a na kira ta a waya da muryar shugaban ƙasa, na ce na tura sojoji daji sun kori 'yan bindiga, za ta iya komawa gonarta a Tabanni. Na zaci za ta gane ni ta zage ni. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe ƙuri'ata ba ta tafi a banza ba."

Yanzu ta ɗaure irin dawarta, kullum tana bakin ƙofa tana jiran motar da za ta mai da ita gida. Na kasa haɗa ido da ita. Ka taya ni addu'a in iya faɗa mata. A gai da kowa.

Ƙaninka, Isiyaku