Takalman Babanki

Auta,

Na leƙa na tarar kina barci, ban so in tashe ki ba. Ki yi haƙuri da tsawar da na daka miki jiya don kin ɗauke takalman babanki daga bakin ƙofa. Shara kawai kike yi. Ni ce wata bakwai ina zagaye su da tsintsiya, kamar mai su wanka ya shiga, yanzu zai fito.

Ɗazu da safe barci ya ɗan sace ni a kan kujera. Sai ga shi yana tafiya cikin wata doguwar ciyawa sharkaf da raɓa, ƙafarsa ba takalmi, kuma ko a jikinsa. Na bi shi da su a hannu ina kira. Ya waiwayo da dariyar nan tasa, ya girgiza kai. Na farka hannuna a miƙe.

Na tafi wurin da kike ta yi mini naci, ɗakin bayan asibiti inda waɗanda aka yi wa rasuwa suke zama da mai ba da shawara. Kin ce kyauta ne, kuma ba a tilasta wa kowa magana. To, zan gani. Takalman suna jakata, don ba zan iya shiga ni kaɗai ba.

Shayinki yana cikin fulas. Idan kin tashi shara, ki share har wurin.

Mamanki