Hawayen Habu a Gidan Abincin Indiyawa

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ƙara sauƙi.

Labarin Habu mijin ƙanwarmu zan ba ki. A gidan abincin Indiyawa muka kalli wani fim ɗin Indiya na yaren Tamil, inda ɗan daba ya gwammace a kashe shi da ya ci amanar ubangidansa. Habu har da share hawaye, wai shi ma haka yake. Na yarda, na kai shi garin Shiling, masana'antar da nake saro jakunkuna, wadda nake ɓoye wa kowa. Da na koma ɗaukar kaya, mai wurin ya ce babu, Habu ya zagayo ya kwashe.

Ɗan dabar fim ɗin ya fi shi mutunci.

Ku sa ni a addu'a. Ki gaida Inna. Habu kuwa, a ce ina gaida hawayensa.

Ƙaninki,
Sani