Mai Jira a Zaure

Baba,

Assalamu alaikum. Ina su Inna da mutanen Ƙofar Guga? Ni lafiya lau a Ingila. Ɗakin nawa ne ba ya ɗumi, amma kada Inna ta ji.

Albishirinka! Tunda soja suka koma bariki, jami'armu ta sake buɗe tallafin bincike kan rayuwar matan Najeriya, kuma ta zaɓi nawa. Da aka tambayi wanda ya taimaka mini, kai na ambata. Gida-gida ka kai ni a babur, ina ciki ina naɗar hirar tsofaffin mata, kana zaure kana jira, abokanka na yi maka dariya. Ko kalma ba ka ji ba, ba ka kuma taɓa ƙosawa ba.

Allah ya ƙara girma. A gyara babur ɗin, Baba, da sauran gidaje.

Ɗiyarka,
Fadila